Ƙa'idar rubutu da iya rubutu: sharhi kan koyar da insha'i a kwaleji

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce jawo hankalin manazarta da masu tsara aikin yaƙi da jahilci kan wani giɓi da aka bari a tsarin koyar da Hausa a Nijar. An yi aiki mai yawa kan ƙa'idar rubutu: taron UNESCO na Bamako a 1966, taron Yamai na daidaita rubutun Hausa a 1980, sannan ƙudurin ma'aikatar ilimi na 1999. An kuma buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973. Amma duk wannan ƙoƙari ya tsaya ne kan harafi da kalma, kuma bai wuce ƙaramar makaranta ba.

Mu ɗauki yaron Safo, cikin Madarumfa, wanda ya fara karatu da Hausa. Da zarar ya shiga kwaleji, rubutunsa ya koma Faransanci har shekara huɗu, zuwa jarrabawar BEPC. To, a waɗannan shekaru ne ake koyon insha'i na sosai, wato tsara hujja, da raba sakin layi, da taƙaita bayani. Ke nan an raba shi da harshensa a daidai lokacin da ya kamata ya fara gina tunani da shi a takarda.

Abin lura na biyu shi ne yadda ake auna rubutu. Mun gaji dikte daga lakwal, har ya zama malami yana ƙirga kurakurai, bai duba abin da yaron ya faɗa ba. Dikte yana nuna ko yaro ya san inda ake sa ƙ ko ɗ. Ba ya nuna ko zai iya rubuta wasiƙa zuwa ga magajin gari, ko rahoton taron ƙungiyar manoma, ko bayanin yadda ake noman rani a bakin Gulbin Maraɗi. In aka kwashe wannan ma'auni aka ɗora wa Hausa, an sauya harshe, ciwon yana nan.

Na uku, batun karin harshe. Ɗan Safo Bakatsinen Maraɗi ne a baki: «munka tahi» yake cewa, da «wanga», inda littafi ya ce «muka tafi» da «wannan». Malamin da ya ja wa waɗannan jan alƙalami tun ranar farko ya koya wa yaro tsoron takarda, sai ya riƙa rubuta guntayen jimloli don gudun laifi. Abin da ya fi shi ne a bar shi ya fara zuba tunaninsa da karinsa, sannan a zama na biyu a nuna masa daidaitacciyar Hausa, ya gyara da hannunsa.

Shawararmu ita ce a ba insha'in Hausa sa'o'insa a kwaleji, a raba makin tsari da ma'ana daga makin ƙa'ida, a kuma tanadi matanin misali na wasiƙa da rahoto da muhawara, ban da tatsuniya. Ƙaramin ƙamus na Abdu Mijingini, na 1987, zai taimaki malami wajen daidaita kalmomi.

A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Doka ba ta rubuta rahoto. Masu rubuta shi nan gaba su ne waɗanda suke zaune yau a azuzuwan kwaleji, a Safo da sauran garuruwa.