Mu'allaƙat cikin Turancin Ingilishi: abin da fassara ta riƙe da abin da ta saki

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba yadda aka juya Mu'allaƙat, wato manyan ƙasidun jahiliyya guda 7, zuwa Turancin Ingilishi. Matsalar ta shafe mu, domin ɗalibin da bai ji Larabci ba yakan yanke hukunci kan tsarin ƙasida alhali fassara kurum ya karanta.

2. Kari da ƙafiya

Ƙasidar Larabci tana tsaye bisa abu biyu: bahari ɗaya da ƙafiya ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ta Imru'ul Ƙaisi tana kan Ɗawil da harafin lam, ta Ɗarafa kan Ɗawil da dal, ta Labidu kan Kamil. Arulin Larabci yana auna nauyin gaɓa, mai nauyi da maras nauyi. Waƙar Ingilishi kuwa da ƙarfin furuci take tafiya, kuma harshen ba shi da yalwar kalmomi masu amsa amo ɗaya da za su ɗauki baiti 80. Saboda haka dole kowane mai fassara ya zaɓi abin da zai bari.

3. Hanyoyin masu fassara

William Jones, a 1782, ya zaɓi zube. Ma'ana ta fito, amma waƙa ta koma labari. Charles Lyall, a 1885, ya yi ƙoƙarin kwaikwayon bahari da ƙarfin furucin Ingilishi. Aikinsa ya fi kusa da asali ta fuskar ilimi, sai dai kunnen Bature ba ya jin Ɗawil a ciki. A 1903 Anne Blunt ta fassara, mijinta Wilfrid Blunt ya tsara waƙa, da tsohon Ingilishi wanda ya sa Balaraben sahara ya yi kama da jarumin tatsuniyar Turai. A. J. Arberry, a 1957, ya bar ƙafiya, ya bi baiti da baiti. Michael Sells, a 1989, ya fassara ƙasidu 6, ciki har da na Labidu da Antara, ya kakkarya kowane baiti zuwa gajerun layuka irin na waƙar Amurka ta zamaninsa.

A ganinmu, ta Arberry ta fi amfani ga mai nazari, domin ana iya aza ta gefen matanin Larabci a bi ta sahu-sahu. Ta Sells ta fi daɗin karatu, amma ta ɓoye rabuwar baiti gida biyu, wadda ita ce numfashin ƙasida.

4. Ƙorafin rashin haɗin kai

An daɗe ana cewa ƙasidar jahiliyya tarkace ce: kuka a kufai, sifanta taguwa, sannan kirari. Ɗarafa ya ba taguwarsa baiti kusan 30, abin da kan gundiri mai karatu da Ingilishi. Amma a asali ƙafiya da bahari su ne igiyar da ta ɗaure waɗannan sassa. Idan fassara ta kwance igiyar, ba mamaki kaya su watse. Ashe wani ɓangare na laifin da ake ɗora wa mawaƙi, na fassara ne.

5. Kammalawa

A nan Hausa ta fi Ingilishi dacewa. Ita ma tana bambanta gaɓa mai nauyi da maras nauyi, kuma tun ƙarni na 19 malamai ke tsara waƙoƙin ajami bisa baharan Larabci da ƙafiya ɗaya. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Don haka ɗalibin da zai yi nazarin waɗannan ƙasidu ya fara da matanin Larabci da sharhin Zauzani ko Tibrizi, sa'annan ya ɗauki fassarar Ingilishi a matsayin ra'ayin mai fassara, wanda shi ma abin nazari ne.