Sharhi Kan Binciken Peter Ward Game da Tsuntsun Jan-baki

A shekarar 1965 ne Peter Ward ya buga maƙaloli biyu a mujallar Ibis, ɗaya kan abincin jan-baki, ɗaya kan hayayyafarsa, bisa nazarin da ya gudanar a yankin Tafkin Chadi. Ya nuna cewa asalin cimar wannan tsuntsu 'ya'yan ciyawar daji ne. Gero da dawa ƙari ne kawai. Da zarar damina ta sauka, ƙwayoyin sukan tsiro, abinci ya yanke, tsuntsayen su yi ƙaura kudu, daga baya su komo su yi sheƙa a itatuwan ƙaya. Galibi macen takan saka ƙwai uku, a ƙyanƙyashe su cikin kwana goma.

A ganinmu ƙarfin aikin yana ga hujjar da ta biyo baya. Tun da yunwar farkon damina ce ke rage yawansu, feshi ta jirgin sama yakan kashe waɗanda da ma ajalinsu ya kusa. Gubar fenthion kuwa ba ta bambanta jan-baki da shahon da ya ci gawarsa.

Amma muna da ja a wuri guda. An gina hujjar ne kan dajin da ruwan sama kaɗai ke ciyarwa. Bayan kammala madatsar Tiga a 1974, noman rani ya bazu a ƙasar Kano, aka sami alkama da shinkafa a lokacin da a da babu hatsi a gona. Wajibi ne a sake gwada ra'in Ward a irin waɗannan filaye kafin a ɗora shawara ga manomi a kansa.