Real Madrid a Kakar 2023/24: Ga Makin da Na Ba Gwarazanmu

Al'adar masoya ƙwallo ce idan kaka ta ƙare a zauna a raba wa 'yan wasa maki, wane bakwai cikin goma, wane biyar, wane kuwa a sayar da shi kowa ya huta. A kakar 2023/24 mu magoya bayan Real Madrid aikin ya yi mana daɗi, har da ƙyar hannu yake yarda ya rubuta abin da ya gaza bakwai. Kofin La Liga na 36 ya shigo gida da maki 95, tazarar maki 10 tsakaninmu da Barcelona. Kofin Zakarun Turai na 15 ya biyo baya ba tare da an doke mu ko sau ɗaya a gasar ba. Ga kuma Super Cup na Sifaniya da muka ɗauko a Riyad. Kaka guda cur, sau biyu kacal aka ci mu, duka a hannun Atletico. Amma abin da ya fi burge ni, wanda kuma a kansa na gina makina, shi ne yawancin waɗanda suka ɗauki nauyin nan a kafaɗa ba su ne aka yi lissafi da su a watan Agusta ba.

Ku tuna yadda aka fara. Benzema ya tafi Al-Ittihad, riga mai lamba 9 ta zauna babu mai ita. Kwana biyu kafin wasan farko Courtois ya tsinka jijiyar gwiwa a wurin atisaye. A wasan farkon kansa, a gidan Athletic Bilbao, Militao ya faɗi da irin wannan rauni. Watan Disamba Alaba ya bi sahunsu a wasan Villarreal. Gola na ɗaya da manyan 'yan baya biyu, duk gwiwa ta kwantar da su, kuma da kasuwar Janairu ta buɗe ƙungiya ba ta sayi kowa ba. Da wata ƙungiyar ce, da tuni an fara neman uzuri.

Don haka da Andriy Lunin zan fara, kuma maki 9 na ba shi ba tare da kokwanto ba. Yaron nan ɗan Yukren tun 2018 aka saye shi, aka yi ta aika shi aro, Leganes, Valladolid, Oviedo, ya dawo ya zauna a benci yana kallo. Ko da Courtois ya ji rauni ba a ba shi raga kai tsaye ba, sai aka aro Kepa daga Chelsea. Ranar wasan Braga a watan Nuwamba Kepa ya ji ciwo yana motsa jiki dab da take wasa, aka ce Lunin ya shiga, mintuna kaɗan da farawa ya tare fenareti. Daga nan ragar ta fara zama tasa. A gidan Leipzig shi ya hana a yi mana ruwan ƙwallaye. Sai daren Etihad. Manchester City ta yi mana luguden hari sama da talatin, aka kai ga bugun fenareti, Modric ya ɓarar da namu na farko, zuciyar kowa ta tsinke. Bernardo Silva ya taho ya ɗaga ƙwallon tsakiyar raga, yana tsammanin gola zai faɗa gefe. Lunin bai motsa ba. Yana tsaye cak inda yake, ya buɗe hannu ya rungume ta kamar an miƙo masa. Sannan ya faɗa ya tare ta Kovacic. Fuskarsa ko ɗigon murmushi babu, sai ka ce ba shi ya fitar da zakarun Turai daga gasa ba. Da wasan ƙarshe ya zo aka mayar wa Courtois raga, bai ta da jijiyar wuya ba. Wannan ma abin a ƙara masa ne. Shi kuwa Courtois wasanninsa ba su kai a yi masa makin kaka ba, amma wanda ya ga yadda ya tare Adeyemi da Sabitzer na Dortmund a Wembley bayan wata tara yana jinya ya san har yanzu babu kamarsa. Kepa 6, Allah ya saka.

Antonio Rüdiger 10. Na san za a ce na yi son kai, to a ce. Mutumin nan haifaffen Berlin, wanda mahaifiyarsa 'yar Saliyo ce, shi kaɗai ya rage a tsaye cikin manyan 'yan bayanmu, ya riƙe gidan da ƙarfi da tsawa da wannan gudun nasa mai ɗaga gwiwa da ke sa gidan kallo ya kaure da shewa. A wasanni biyu da City, Haaland bai ga raga ba. Wasan farko, wanda aka tashi 3-3, a nan Najeriya daren jajiberin ƙaramar Sallah ya faɗo, kuma Rüdiger ya manne wa Haaland tun daga busa har busa. A wasa na biyu ƙwallon da ya kasa cirewa da kyau ita De Bruyne ya samu ya farke. Wani ɗan wasan da ya ɓuya bayan wannan. Shi sai ya ɗauki fenareti na biyar, wanda kowa ke tsoro, ya dasa ta a kusurwa ta daki turke ta shige. A daren Bayern kuma wa aka gani a gefen hagu cikin da'irar abokan hamayya, a minti na 91, yana yanko ƙwallon da ta zama ta nasara? Ɗan bayanmu ne.

Wannan ya kawo mu kan Joselu, kuma a nan zan ɗan daɗe, don labarinsa ya fi ƙarfin lamba. Shekararsa 33 aka aro shi daga Espanyol, ƙungiyar da ta faɗa rukuni na biyu. 'Yan adawa suka yi ta dariya, wai wannan ne magajin Benzema. A 2022 mutumin nan tikiti ya samu ya je Faris kallon wasan ƙarshe sanye da rigar Madrid kamar ni da kai. Ranar 8 ga Mayu 2024, Alphonso Davies ya ci mu a Bernabeu, lokaci na tafiya, Neuer yana tare duk abin da aka aika masa. Koci Ancelotti ya sako Joselu saura kamar minti goma. Minti na 88 Vinicius ya buga daga nesa, ƙwallon ta yi tsalle ta kuɓuce daga ƙirjin Neuer, kuma a duk filin mutum ɗaya ne ya riga ya fara gudu kafin ta kuɓuce. Ya tura ta raga. Minti uku bayan haka ya sa ƙafa a ƙwallon Rüdiger, mataimakin alƙali ya ɗaga tuta wai satar gida, muka tsaya numfashi a riƙe har na'urar VAR ta tabbatar. Abin da ya biyo baya a gidajen kallo ba ya faɗuwa, benci ya kife, wanda ba ka sani ba ya rungume ka. Ya kuma ci 10 a La Liga duk da yawancin wasanni daga benci yake tasowa. A lissafin ƙwallo 8 ne makinsa. Ni 9 na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Dani Carvajal ma 10. Shekaru an yi ana cewa rauni ya gama da shi. A wannan kakar sai ya dawo kamar ɗan ashirin. Shi ya farke mana da ka a gidan Sevilla. Shi ya ci ta nasara a minti na 99 da Almeria ta sa mu a gaba da biyu babu ko ɗaya. Ranar da Girona ta zo Bernabeu a watan Fabrairu tana hanƙoron kofi, ba mu da ɗan bayan tsakiya ko ɗaya mai lafiya, sai Carvajal da Tchouaméni suka tsaya a wurin, aka tashi 4-0. A Wembley kuwa, bayan Dortmund ta wahalar da mu rabin lokaci, Füllkrug har ya daki turke, mutumin da tsayinsa bai wuce mita 1.73 ba ya tashi a tsakiyar dogayen Jamusawa ya sa wa kwanar Kroos kai a minti na 74. Kofinsa na Turai na shida ke nan, shi da Modric da Nacho da Kroos sun kamo Paco Gento.

Kyaftin Nacho 8. Jan katin da ya karɓa a gidan Girona bai yi kyau ba, kuma a tsakiyar kaka ya ɗan yi tangal-tangal, amma daga Etihad zuwa Wembley bai ba da ƙofa ba, ya kuma ci fenaretinsa. Yaron da ya shigo makarantar ƙungiyar a 2001 shi ya ɗaga kofi uku. Mendy 8, ba a jin sunansa domin babu mai wucewa ta gefensa. Tchouaméni 8, Camavinga 8. Lucas Vázquez 8 da rabi saboda El Clasico na watan Afrilu kaɗai ma ya isa: shi aka kayar aka ba da fenareti, shi ya farke ta biyu, shi ya bugo wadda Bellingham ya ƙarasa aka tashi 3-2.

To, taurarin. Jude Bellingham ya zo daga Dortmund a kan yuro miliyan 103 yana ɗan shekara 19, ya ɗauki lamba 5 ta Zidane, kuma bai nemi a ba shi lokacin sabawa ba. Ya ci a wasanninsa huɗu na farko a La Liga. Getafe minti na 95, Union Berlin minti na 94, sai ya je kusurwa ya buɗe hannuwa ya tsaya, yanzu yara a kowane filin unguwa haka suke yi. A gidan Barcelona a watan Oktoba, Gündogan ya ci mu tun da wuri, wasa ya ƙi mu, sai Bellingham ya saki wata daga wajen da'ira wadda ter Stegen ya taɓa amma bai iya hanawa ba, ya dawo a ƙarin lokaci ya ci ta biyu. Ƙwallo 19 a La Liga, 23 a duka gasanni, daga ɗan tsakiya! Ciwon kafaɗa da na idon sawu sun rage masa kaifi a watannin ƙarshe, shi ya sa 9 ne ba 10 ba, amma makin da ya tara mana kafin sabuwar shekara su suka sa ba mu taɓa waiwaye ba.

Inda Bellingham ya sassauta, nan Vinicius ya karɓa. Rauni ya ci masa farkon kaka, da ya dawo kuwa sai ya zuba wa Barcelona uku rigis kafin hutun rabin lokaci a Riyad. Ya koma Mestalla, filin da aka ci masa mutunci saboda launin fatarsa a 2023, ya ci biyu ya ɗaga dunƙulallen hannu. Biyu a Munich. A Bernabeu ya yi ta yanka Kimmich har tausayi ya kama ni. Sannan ta biyu a Wembley, wasan ƙarshe na biyu da yake ci a ciki. Ƙwallo 24 a kaka. 9 da rabi, rabin da ya rage na katunan da yake jawo wa kansa wurin musu da alƙalai ne. Rodrygo 7 da rabi, ya yi dogon fari a tsakiya, amma ya ci City gida da waje. Brahim Diaz 8, ƙwallonsa a Leipzig, inda ya ratsa mutum uku ya lanƙwasa ta kusurwa, tana cikin mafi kyau a kakar. Arda Güler ya ci 6 a La Liga cikin 'yan mintunan da ya samu, yaron Turkiyyan nan a sa masa ido. Modric yana da shekara 38 ya karɓi zaman benci da mutunci, ya taso ya ci Sevilla, 8. Valverde 9, huhun ƙungiya, kusan kowane wasa yana ciki, kuma duk wanda ya ga yadda ya tari ƙwallon Vinicius tun tana sama ya farke 3-3 da City ya ga bugu. Ancelotti da ya ƙirƙiro wa Bellingham gurbi a bayan 'yan gaba biyu, ya kuma ɗauki kofin Turai na biyar a matsayin koci, ba a tambayar makinsa.

Saura Toni Kroos. Ku koma Munich, 30 ga Afrilu, minti na 24. Bayern ta danne mu tun farawa. Kroos ya karɓi ƙwallo kusa da tsakiyar fili, ya ɗaga hannu ya nuna wa Vinicius wurin da zai bi. Vinicius ya yi kamar zai dawo karɓa, Kim Min-jae ya biyo shi, ya juya da gudu, ƙwallon kuwa ta riga ta ratsa layin Bayern gaba ɗaya a ƙasa tana jiransa, ba ta yi sauri ba, ba ta yi jinkiri ba. Da Vinicius ya ci sai ya juya ya rusuna masa. Haka ya yi mana shekara goma tun da ya zo a 2014, kuma a wannan kakar ya fi kowace shekara. Ranar 21 ga Mayu ya sanar zai ajiye takalmi yana ɗan shekara 34, yana kan ganiyarsa, lokacin da kowace ƙungiya a duniya za ta so ta same shi. Wasansa na ƙarshe a rigarmu shi ne Wembley, kuma daga ƙafarsa kwanar da ta buɗe wasan ta fito. A bikin Cibeles ya miƙa wa Valverde lamba 8 a gaban jama'a. Ƙungiya ta sanar da zuwan Mbappé kwana biyu bayan kofin, muka yi murna ƙwarai, muna sa ran ƙwallaye za su ƙaru. Amma aikin da ya kasance a gaban Ancelotti a bazarar 2024 shi ne samo wanda zai riƙa karɓar ƙwallo daga 'yan baya ya saita wa mutum goma saurin wasa. Makin Kroos 10 ne, shi da Rüdiger da Carvajal, kuma a cikin ukun nan shi na zaɓa gwarzon kaka.