Sharhi Kan Fassarar Sunan Cuta: Limfomar Adirinal

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta duba kalmomi uku da mai fassara kan ɗauko idan ya gamu da sunan wata cuta da ba a cika samu ba, wato limfomar adirinal. Manufa ita ce ɗalibi ya auna kowace kalma da halin cutar.

2.0 Cutar

Adirinal wasu ƙananan ƙullutai ne biyu da ke zaune a saman ƙoda, suna samar da sinadarin kotizol. Limfoma kuwa sankara ce ta wasu fararen ƙwayoyin jini. Idan ta fara a adirinal, galibi takan kama duka biyun, ta fi kuma kama maza dattawa. Kotizol kan yi ƙaranci, sai kasala da rama da faɗuwar bugun jini, alamomin da Thomas Addison ya bayyana a 1855. Tarin fuka ma kan lalata adirinal, don haka hoto kaɗai bai isa ba. Sai an tsakuro tsoka da allura an auna.

3.0 Kalmomin

"Sankarar ƙoda" kuskure ce. Ƙodar ba ita ce tushen ciwon ba, kuma mai jin sunan zai sa ran wankin ƙoda.

"Sankarar jini" ta kusa, sai dai an riga an saba da ita a kan lukimiya.

"Sankarar kaluluwa" ta fi daɗin ji, domin Bahaushe ya san kaluluwa a hammata da matsematsi. Amma a wannan cuta sau da yawa babu kaluluwar da hannu zai taɓa, har majiyyaci ya yi shakkar maganar likita.

4.0 Kammalawa

Abin da ya fi dacewa shi ne a ari "limfoma", a haɗa ta da bayani: limfomar ƙullutun saman ƙoda. Ta yi tsawo, amma ba ta ɓatar da kowa. Dalili kuwa, jigon maganin ba fiɗa ba ne. Haɗin magunguna ne mai suna R-CHOP, wanda ya ƙunshi rituximab da Amurka ta amince da shi a 1997, tare da ƙwayoyin da ke maye gurbin kotizol. Majiyyacin da bai fahimci wace gaɓa ce ta kasa ba yana iya barin waɗannan ƙwayoyi da zarar ya ji sauƙi, kuma barin su kwatsam na iya kashe shi.