Aro ne, rance ne, ko haya?

Kwanan baya a ɗakinmu aka yi ta miƙa waya hannu zuwa hannu ana kallon ƴan kabu-kabun Kwatano. Mutum ya tsaya gaban wani shago, ya ciro batirin motonsa da ya ƙare, aka ba shi cikakke, ya biya, ya tafi. Ba esansi, ba hayaƙi. Haka kamfanin Spiro yake yi a Benin da Togo: moto na direba, batiri na kamfani. Abokaina sai cewa suke, kai, a kawo mana wannan Agadas! Ni kuwa, da ciwon da karatun harshe ya sa mini, na ce su faɗa mini sunan wannan cinikin da Hausa tukuna.

Ɗaya ya ce aro. To ai aro, abin da ka karɓa shi ɗin za ka maido: ka ari tabarma, tabarmar nan za ta komo. Rance kuwa kwatankwacinsa kake biya, tiyar hatsi da wata tiyar hatsi, kuma wanda ka ranta ya zama naka, ka ci abinka. Batirin nan ba ka maido na jiya don ka sake ɗaukarsa, kuma bai taɓa zama naka ba. Haya ta fi kusa, sai dai mai hayar ɗaki in mai gida ya dame shi yana iya kwashe kayansa ya koma wani. Nan fa batirin wani kamfani ba ya shiga moton wani. Ka sayi jiki, zuciyar tana hannun mutum guda, kuma shi ke yanka farashi. Esansi ko a kwalba bakin hanya, daga wa ka saya, moto bai damu ba.

Ban ce tsarin ba shi da hujja ba. Batiri shi ne mafi tsada a jikin abin hawa na lantarki, cire shi daga farashi yana sa talaka ya iya saye. Ga zafinmu: watan Mayu muna wuce digiri 40, kuma zafi yana tsufar da batirin litiyom da wuri. In batirin na kamfani ne, asarar tasa ce. Wannan kam na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Abin da masu yabon ba su faɗi shi ne ranar da kamfanin ya faɗi. An yi haka. A Isra'ila, Better Place ta gina tashoshin musayar batiri na motocin Renault, ta ci kuɗin masu zuba jari sama da dalar Amurka miliyan 800 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba), sannan ta karye a 2013. Waɗancan sun iya sa motocinsu caji a gida. Ɗan kabu-kabun da batiri ba ya kwana hannunsa fa, me zai jona?

Sai kuran. Wutar Agadas daga gawayin SONICHAR take zuwa, can Anu Araren kusa da Cirozerin, kuma kowa ya san yadda take ɗaukewa lokacin bazara. Shagon musaya in bai da faifan rana da yawa, layi kawai za a yi. Hanyar Arlit kuwa, kilomita sama da 200, a bar zancenta ma.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron da moton ma ba nasa ba ne. Da yawa a garin nan kullum da yamma sai sun kai wa mai moto kuɗinsa kafin su lissafa nasu. A sabon tsarin iyayen gidansa sun zama biyu, ɗaya yana unguwa ana iya roƙonsa ya yi haƙuri yau kasuwa ba ta yi ba, ɗayan kuwa takarda ce da Faransanci. Na tambayi wani maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu ko zai so irin moton nan. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, in batirin ya mutu mini a Dagamanet da fasinja, wa zan kira?