BABI NA HUƊU: RAHA DA MATSAYIN BAƘAUYE A ƘAGAGGUN LABARAN HAUSA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo ma'anar raha da rabe-rabenta, wato barkwanci da ba'a da gatse da habaici da zambo. A wannan babi kuwa za a ɗauki tauraro guda ɗaya wanda marubuta suka daɗe suna ɗora wa nauyin ba mai karatu dariya, wato baƙauye. Za a dube shi a cikin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, sannan a waiwayi littattafan soyayya na Kano. Mai karatun da za a riƙa la'akari da shi shi ne na karkarar arewacin Kano, wato ƙasashen Ɗambatta da Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa, domin irinsa ake kwatantawa a cikin labaran, kuma shi ma yana karanta su, musamman tun da makarantun firamare suka bazu cikin ƙauyuka a shirin ilmin firamare kyauta na 1976. Abin da ake son ganowa shi ne, idan wannan mai karatu ya yi dariya, shin wa yake yi wa?

4.1 Ramuwa a Matsayin Ma'aunin Raha

Manazarta sukan sanya raha cikin ƙananan jigogi ko dabarun jawo hankali, su kawo misali ɗaya ko biyu su wuce. Wannan bai wadatar ba, domin duk inda aka yi dariya akwai wanda aka yi wa, kuma marubuci ne ya zaɓe shi.

Bahaushe yana da nasa ma'aunin tun kafin zuwan boko. A wasan taubasai, da wasan Kanawa da Zazzagawa, da na Fulani da Barebari, sharaɗin da ke halatta tsokana shi ne wanda aka tsokana yana da damar ramawa. Bazazzagi ya ba da labarin son kuɗin Bakano, Bakano ya jira shi ya kai aya, shi ma ya kawo nasa. Idan aka hana ɗaya ɓangaren magana, abin ya tashi daga wasa ya koma cin fuska. Da wannan ma'auni na ramuwa za a auna labaran da ke tafe.

4.2 Ruwan Bagaja

Abubakar Imam (1911-1981) ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. Ƙashin bayan raharsa shi ne takun saƙar da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Shi kansa marubucin ya bayyana cewa ya samo tsarin taurarin nan biyu daga Maƙamatul Hariri, littafin da manyan ɗalibai ke karantawa a zaure. Tsakanin Alhaji da Zurƙe sharaɗin ramuwa ya cika ƙwarai. Yau wannan ya haƙa wa wancan rami, gobe wancan ya rama, kuma mai karatu bai cika jin tausayin kowa ba, don ya san wanda aka kayar zai dawo.

Sai dai akwai wasu mutane na uku da ake yin wannan kokawa a kansu, su ne mutanen garuruwan da taurarin ke ratsawa. Fitaccen misali shi ne inda Alhaji ya zauna a wani ƙauye yana cin abinci da sunan malanta, alhali ba shi da karatun kirki. Da Zurƙe ya zo zai tona masa asiri a gaban jama'a, sai Alhaji ya yi wani lanƙwasasshen zane a ƙasa ya ce ya karanta. Zurƙe ya riƙa ambaton baƙaƙen Larabcin da zanen ya yi kama da su ɗaya bayan ɗaya, Alhaji yana cewa bai faɗa daidai ba. Daga ƙarshe ya ce ai hoton jinjirin wata ne. Mutanen gari suka duba, suka ga lallai haka wata yake ranar tsayuwarsa, suka kori Zurƙe.

A karatun farko dariyar tana kan mutanen ƙauyen ne, waɗanda suka kori mai ilmi suka riƙe jahili. Amma idan aka sake dubawa za a ga raha mai hawa uku ce. Akwai ta malamin ƙarya wanda wayo ne kaɗai jarinsa. Akwai ta malamin gaske wanda karatu ya rufe wa ido, har ya kasa ganin komai a ƙasa in ba baƙi ba. Sai kuma ta jama'ar gari. Su kuwa a gaskiya ba su yi hukuncin wauta ba. An nuna musu zane, an kawo fassara biyu, suka zaɓi wadda idonsu ya shaida. Manomin da ke ƙirga watan shuka da na azumi da tsayuwar wata ya fi kowa sanin kamannin jinjirinsa. Abin da ya cuce su shi ne rashin karatu, ba rashin hankali ba, kuma wannan bambanci shi ya sa ɗalibin da ya fito daga ƙauye yake iya yin dariya a nan ba tare da ya ji an taɓa iyayensa ba. Wannan raha tana da dangantaka da ta 'yan kama, masu kwaikwayon wa'azin malamai su mayar da shi zancen tuwo da nama. Abin ba'arsu shi ne rigar malanta, ba masu sauraro ba.

Duk da haka, ramuwa ba ta isa ga mutanen ƙauyen ba. Alhaji ya ci nasu ya wuce, labari ya bi shi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Abin lura kuma shi ne, a wajen Hariri waɗanda Abu Zaidu ke yaudara galibi mutanen birane ne, a masallatai da majalisun alƙalai da na sarakuna. A wannan fage Imam ya mayar da su 'yan ƙauye.

4.3 Baƙauyen Littafi da Baƙauyen Zahiri

A cikin Magana Jari Ce, wanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, akwai labarin baƙauyen da ya shigo birni a kan jaki, yana jaye da wata dabba mai ƙararrawa a wuya. 'Yan birni uku suka raba shi da dabbar, suka raba shi da jakin, na ƙarshe ya sa shi ya tuɓe ya shiga rijiya neman dukiyar da babu ita, ya kwashe masa tufafi. Ta fuskar zubi labarin ba shi da makusa. Kowace asara tana haifar da ta gaba, domin neman abin da ya ɓata shi ke jefa shi hannun ɓarawo na biye. Amma a nan raha hawa ɗaya ce tak. Ɓarayin ba su da wani aibi da ake yi wa dariya, baƙauyen kuwa ba a ba shi ko kalma ɗaya ta ramuwa ba.

Idan aka ɗora wannan hoto a kan karkarar arewacin Kano sai a ga bai hau ba. Wannan yanki ne mai cunkoson jama'a, gida na kallon gida, gona na haɗe da gona, kuma ana noma ta kowace shekara ba a barin ta ta huta. Binciken da Michael Mortimore ya gudanar a kewayen Kano a shekarun 1960 ya nuna yadda manoman wurin ke kai itace birni a kan jakuna, su komo da taki domin gonakinsu. Mutumin da ke shiga ta Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Ruwa a kai a kai, ya yi ciniki a Kurmi ya fito, ba shi ne za a ɗaura wa jakinsa ƙararrawa a wutsiya bai sani ba. Haka kuma lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa sun sa rai auduga za su riƙa kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano suka auna farashi suka koma noman gyaɗa, suka bar audugarsu wa masaƙan gida. Dalar gyaɗar da birni ya yi suna da ita daga wannan lissafi na mutanen ƙauye ta samo asali.

Ba ana nufin dole ne ƙagaggen labari ya zama tarihi ba. Baƙauyen Imam tsohon tauraro ne na tatsuniyoyin duniya, kuma marubucin ya ba shi rigar Hausa wadda ta zauna masa. Matsalar ita ce wannan riga ta zama gado, marubutan baya suka ɗauke ta ba tare da sun sake auna ta ba.

4.4 Littattafan Soyayya

Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda ake wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, ba raha ce babban jigonsu ba. Fitattunsu, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, sun fi karkata ga auren dole da ilmin mata. Amma a yawancin na wannan rukuni, idan marubuci yana son mai karatu ya huta daga kuka, ƙauye yake aikawa a ɗauko masa wani. Ko dai ɗan'uwan da aka yi wa alkawarin yarinyar birni, ko 'yar ƙauyen da aka kawo gidan mai kuɗi tana tsoron fanka da talabijin. Wannan tauraruwa ta biyu ta ci gaba da rayuwa a littattafan da ake yaɗawa ta intanet da WhatsApp. Takan yi nasara a ƙarshe, amma sai bayan an wanke ta, an sauya mata suna da lafazi. Wato ba 'yar ƙauye ce ta rama ba, 'yar birnin da aka ƙera daga jikinta ce.

Fina-finan Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, sun ɗan sha bamban, domin shashashan da yake fitowa a matsayinsa yakan juya ya kunyata alhazan birni da masu riƙe da muƙami. Wannan ya fi kusa da abin da ƙauye ya saba yi da kansa. A wasan kalankuwa da samari ke shiryawa bayan kaka, akan naɗa gwamna da alƙali da likita da 'yan sanda daga cikin 'yan ƙauyen, su kwaikwayi tafiyarsu da tsawarsu da yadda suke yanke tara, jama'a na dariya. A dandalin kalankuwa ɗan birni mai takalmi da takarda shi ne abin kallo, kuma wannan tauraro da wuya a ci karo da shi a cikin littattafan da aka duba a wannan babi.