Alƙali, Joji da Kadi: Tsokaci a Kan Fassarar 'Yan Jarida

Kalmar alƙali ta samo asali ne daga al-qāḍī ta Larabci. Harafin lādi na Larabci yakan koma /l/ a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a alwala da lamiri da farilla. Wannan yana nuna ta hannun malaman zaure ta shigo, tun kafin zuwan Turawa, da ma'anar masanin fiƙihu mai yanke hukunci.

Da mulkin mallaka ya zo, sai aka aro joji don mai zama a kotun Bature. Bambancin yana da amfani ƙwarai: da jin sunan, mai ƙara ya san da wace doka za a yi masa shari'a. Abin lura shi ne, kalmar Larabcin ta sake shigowa ta ƙofar Ingilishi, inda tsarin mulkin 1979 da na 1999 suka kira alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da sunan Kadi.

Ba mu da ja da yaɗuwar ma'anar zuwa alƙalin wasa ko alƙalan musabaƙa, domin hukunci suke yankewa. Inda muke da ƙorafi shi ne laƙabin Alƙalin Alƙalai. Fassara ce ta qāḍī al-quḍāt, muƙamin da Abu Yusuf ya riƙe a zamanin Haruna Rashidu. Masu fassara labarai sukan liƙa shi ga shugaban Kotun Ƙoli, su kuma liƙa shi ga Girandi Kadi na jiha, alhali hurumin kowannensu daban ne. Tunda Babban Joji ya zauna a bakin jama'a, ya kamata a bar wa na farkon shi.